Darasi na 9: Ba Wa Tsohuwar Kwamfuta Aikin da Za Ta Iya

A gidaje da ofisoshi da makarantu da yawa akwai kwamfutar da aka daina kunnawa. Wata tana ƙarƙashin gado cikin jakarta, wata tana saman kabad an lulluɓe ta da tsohon zane, wasu kuma an jibge su a sito ƙura ta binne su. In aka tambayi mai ita me ya same ta, sai ya ce ta yi nauyi, ko batirinta ya mutu, ko kuma an gaya masa zamaninta ya wuce. A wannan darasi za mu koyi yadda ake duba irin wannan na'ura a gane ƙarfin da ya rage mata, sannan a ɗora ta a kan aiki guda da ya yi daidai da ƙarfin nan. Za mu kuma ga abin da ya kamata a yi da wadda ta mutu murus, domin a wurinta haɗarin yake.

Tsufa iri biyu

Akwai tsufan jiki, inda fanka take gajiya, madannai su fara maƙalewa, faifan ajiya ya riƙa ƙara ƙas-ƙas. Akwai kuma tsufan da kamfani yake yanke wa na'ura alhali lafiyarta lau, kuma shi ya fi kwantar da kwamfutoci. Yawancin waɗanda ke hannunmu suna tafiya ne da babbar manhajar kamfanin Microsoft, wato Windows, kuma kowane zubi nata yana da wa'adi. An daina kula da Windows XP a watan Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuwa ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da waɗanda suka yi rajistar ƙarin ɗan lokaci. Magajiyarsu, Windows 11, ta zo da sharuɗɗan da galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika ba, ciki har da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0.

Ku fahimci wannan batu na daina kulawa da kyau, don ana yawan tsorata mutane da shi. Kwamfuta ba ta mutuwa ranar da wa'adi ya cika. Abin da yake tsayawa shi ne gyaran da kamfani ke aikowa lokaci-lokaci don toshe kafofin da ɓarayin intanet suke ganowa. Saboda haka hawa intanet da irin wannan Windows, balle shiga asusun banki ko imel, ganganci ne. Amma buga takarda, lissafin shago, sauraron karatu da koyon madannai ba su da wata alaƙa da intanet, kuma na'urar da ta yi su da kyau shekara goma da suka wuce za ta yi su yau.

Ku kuma tuna cewa akasarin kwamfutocin da muke saye a titin Beirut da Farm Centre a Kano, ko a Computer Village ta Ikeja, dama na hannu ne. Kamfanonin Turai da Amurka ne suka more su 'yan shekaru suka sauya. Irin waɗannan HP da Dell da Lenovo na ofis an ƙera su da ƙwari, kayan gyaransu kuma suna nan a kasuwa jibge. Wannan babbar sa'a ce ga mai son tayar da tsohuwa.

A duba ta tukuna

Kafin a kunna, a cire ta daga wuta a share ta. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar kwamfuta a ƙasarmu. Takan toshe ramukan iska ta naɗe fanka, sai na'ura ta yi zafi, ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, ko ta ɗauke gaba ɗaya ana tsakiyar aiki. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sun yi nauyi zafi ne kawai yake damunsu. Busasshen buroshin fenti ya isa, ko a kai wa mai gyara ya hura ta da bulowa. Kada a kusanta mata ruwa. In kwamfutar tebur ce kuma ta daɗe a ajiye, ku buɗe murfin gefe ku leƙa, domin kyankyasai da ɓeraye suna son wurin. Kafin ku taɓa wani abu a ciki, ku fara dafa ƙarfen jikin akwatin, musamman lokacin sanyi da iska take bushewa. Wannan 'yar wutar da takan yi tsartuwa in mutum ya taɓa ƙofar mota tana iya kashe ƙananan sassan ciki.

Sai a kunna. In ta tashi, ko da a hankali ne, an ci rabin yaƙi. In ta yi ta ƙara ƙit-ƙit allo bai nuna komai ba, sau da yawa ram ne ya saki: a kashe, a zare shi, a goge bakinsa mai ruwan zinariya da kilinar fensir, a mayar har sai an ji ya kama. In kuwa kullum aka kunna sai agogo da kwanan wata sun koma baya, to ɗan batirin da ke manne a ciki ne ya ƙare, mai kama da kwabo, lambarsa CR2032, kuma masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. Kada ku raina wannan, domin in kwanan wata ya karkace shafukan intanet da yawa ba sa buɗewa, sai mutum ya zaci kwamfutar ce ta lalace.

Bayan ta tashi, ku danna maɓallin Windows tare da harafin R, ku rubuta dxdiag a ɗan akwatin da ya fito, ku danna Enter. Za ta nuna muku sunan furosesa da yawan ram. Ga bambancin ram da faifan ajiya: faifai rumbu ne, inda hatsi yake zaune ko ana aiki ko ba a yi, ram kuwa tabarmar da ake baza abin da aka ɗebo ne a yi aiki a kai. Komai girman rumbu, in tabarma ƙarama ce sai an yi ta kai da kawo ana ɗebowa kaɗan-kaɗan, kuma wannan kai da kawon shi ne nauyin da kuke gani. Mai ram giga 4 zuwa sama ba ta tsufa ba sam, za ta yi kusan duk aikin yau da kullum. Mai giga 2 za ta yi rubutu da lissafi da karatu cikin natsuwa. Mai giga 1 ko ƙasa da haka sai a zaɓar mata aiki mara nauyi ƙwarai.

In za a kashe mata kuɗi, wuri biyu ne suka cancanta. Na farko, a cire tsohon faifai mai juyawa a sa sabon samfurin da ake kira SSD, wanda ba abin da ke motsi a cikinsa. Mai giga 120 ko 128 ya isa, kuma babu gyaran da ya kai shi sauya gudun tsohuwar na'ura. Na biyu, a ƙara ram. Amma ram iri-iri ne, akwai DDR2 da DDR3 da DDR4, kuma wani ba ya shiga ramin wani, don haka ku tafi kasuwa da na cikinta a hannu. Shawarata ita ce, in kuɗin gyara ya doshi rabin kuɗin wata ta hannu mai aiki, a haƙura. Kuma ku tambayi mai gyara kai tsaye: "Malam, in an sa wannan, wane aiki za ta iya, wanne ne ba za ta iya ba?" Mai gaskiya zai faɗa muku.

Lissafin wuta

Mutane sukan manta da wannan, alhali shi ne yake nuna ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Yunit ɗaya a mita yana nufin wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. A ce tsohuwar kwamfutar tebur da monita mai ƙeya suna jan wat 150 a tare. In an yi aiki awa 6, wat 150 sau 6 ya ba da 900, wato yunit 0.9 a rana, yunit 27 a wata. Laftof mai jan wat 30 kuwa, a awa 6 ɗin nan 180 ne, wato yunit 0.18 a rana, kimanin yunit 5 da rabi a wata. Ku ninka da kuɗin yunit a unguwarku ku ga tazarar. Mai janareta ko ƙaramar sola ya fi kowa jin wannan bambanci.

Laftof tana da wata fa'ida: in batirinta yana riƙe caji ko na minti ashirin ne, ɗaukewar wuta ba za ta katse muku aiki ba. Wadda batirinta ya mutu kuwa tana aiki lafiya a jone, sai dai a riƙa adana aiki akai-akai. Kwamfutar tebur kuma, yawan ɗaukewar wuta ba zato yana lalata mata faifai, don haka in wutar unguwarku mai wasa ce a haɗa ta da inbata. Monita mai ƙeya dai, in da hali a sauya ta da mai faɗi ta hannu, ko a jona da talabijin ɗin gida.

A fara zaɓen aiki, sannan manhaja

Akwai babbar manhaja ta kyauta mai suna Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, masana daga ko'ina a duniya kuma suke ta ginawa a kai har yau. Ba a sayen lasisinta, ana ci gaba da aiko mata da gyaran tsaro, kuma an yi mata zubi iri-iri, wasu musamman don raunanan na'urori. Mai ram giga 2 zuwa 4 za ta ji daɗin Lubuntu ko Linux Mint samfurin Xfce. Wadda ba ta kai haka ba, akwai antiX da Puppy Linux, waɗanda ke tashi a kan na'urorin zamanin Windows XP.

Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne ana iya gwada ta ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfuta ba. A sauko da ita a wurin da ke da intanet mai kyau, a zuba ta a filas mai giga 8 da wata 'yar manhaja mai suna Rufus, a soka filas ɗin, a kunna na'ura ana danna maɓallin zaɓi: F12 a Dell da yawancin Lenovo, F9 a HP. Sai ta tashi daga filas. Ku gwada sauti, ku gwada waifai, ku jona firinta. In komai ya yi, sai a girka ta dindindin, bayan an kwashe hotuna da takardu zuwa wani wuri, domin girkawa tana share faifai. Linux tana zuwa da tsarin madannai na Hausa, wanda da shi za ku rubuta ɓ da ɗ da ƙ yadda ya kamata.

Sai dai ba kowane aiki ne ya dace da ita ba. Manhajoji irin su CorelDRAW da masu shagon buga takardu suke zane da ita, da wasu firintoci, an yi su ne don Windows. In aikin da kuka zaɓa yana buƙatar irin waɗannan, ku bar mata tsohuwar Windows ɗinta, ku raba ta da intanet kwata-kwata, ku kuma hana kowa soka mata filas ɗin da ya zaga gari, don ta nan bairos ya fi shiga. Shi ya sa ake fara yanke shawarar aikin kafin a taɓa manhaja.

Ayyukan da suka fi dacewa da ita

Na farko kuma mafi muhimmanci a ganina shi ne koyon hannu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, hukumar WAEC ma ta soma bin sahu a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Duk shekara akwai yaran da suka yi karatu sosai amma ranar jarrabawa ce ranar farko da suka zauna gaban allo da madannai. Hannu yana rawa, lokaci yana tafiya, yaro yana neman harafi. Iya latsa waya bai wadatar ba, domin zaman dabam ne. Kwamfutar da ta shekara goma sha biyar ta isa ta kawar da wannan tsoro. Akwai Klavaro da Tux Typing na koyon bugu da yatsu goma, akwai GCompris mai wasannin lissafi da haruffa don ƙananan yara, duk kyauta ne kuma ba sa neman intanet. Rabin awa kullum bayan la'asar, a jere da juna, 'ya'ya mata da maza. Ku ma iyaye ku zauna ku koya. Kuma tun da ba a jone take da intanet ba, hankalinku a kwance yake game da abin da yaro zai gani.

Na biyu, littafin lissafi. Mai shagon kayan masarufi, ma'ajin ƙungiyar manoma, uwar adashi, mai kula da kuɗin makarantar Islamiyya, kowannensu yana da littafin da in ruwa ya jiƙa shi ko gara ta ci, rigima ta tashi. Manhajar LibreOffice kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux, kuma tana da sashen lissafi mai suna Calc, mai layuka da gidaje. Ga yadda mai shago zai tsara littafin bashi: suna a gidan A, kayan da aka ɗauka a B, kuɗinsu a C, abin da aka biya a D. A gidan E na layi na biyu sai a rubuta =C2-D2, nan take saura ya fito. A ja wannan ƙasa zuwa sauran layuka. A can ƙarshe a rubuta =SUM(E2:E40), sai jimillar bashin da ake bi ta bayyana, kuma duk sanda wani ya kawo ko naira ɗari biyar ce aka shigar, jimillar za ta gyara kanta. Wanda ya taɓa kwana yana tara lambobi da biro ya san darajar wannan.

Amma akwai sharaɗi, kuma ina so ku riƙe shi da gaske. Tsohon faifai yana iya mutuwa dare ɗaya ba sallama. Duk ranar Juma'a a kwafi littafin zuwa filas, a ajiye filas ɗin a wani ɗaki dabam. Ƙarshen wata kuma a buga a takarda, in kuɗin jama'a ne shugaba da ma'aji su sa hannu. Amanar mutane ba a barin ta a wuri ɗaya.

Na uku, ɗakin karatu. Akwai manhaja mai suna Kiwix, wadda aka fara a 2007 don wuraren da intanet ke wuya. Da ita ake sauko da Wikipedia sau ɗaya a riƙa karantawa ba data. Ta Turanci cikakkiya da hotuna ta kai kimanin giga 100, amma akwai taƙaitattu, akwai na fannin lafiya kaɗai, ta Hausa kuwa ƙarama ce ƙwarai. Akwai kuma Kolibri, mai ɗauke da darussan lissafi da kimiyya na bidiyo, wadda aka tsara don makarantun da ba su da intanet. In aka haɗa kwamfutar da ƙaramar na'urar waifai, ko ba layi a cikinta, duk mai waya a ajin zai iya buɗe abin da ke ciki. Shirin African Storybook yana da gajerun labaran yara da Hausa da ake saukewa kyauta. Ɗaliban ilimi kuma sun san Maktabatus Shamila, mai dubban littattafan Larabci, wadda tsohon zubinta ke tafiya lafiya a kan raunanan kwamfutoci masu Windows. Aji irin namu na yaƙi da jahilci zai amfana da na'ura guda tak da aka cika da waɗannan.

A nan zan ɗan yi ƙorafi. Akwai makarantun da aka ba kyautar kwamfutoci, aka kulle su a ɗaki don tsoron kada yara su lalata, har suka tsufa ba wanda ya taɓa su. Wannan asara ce mai ciwo. Gara madannai su gaji a hannun ɗalibai. Haka kuma mai ba da kyauta ya ji tsoron Allah, kada ya kwashe tarkacen da ba ya aiki ya kai makaranta da sunan taimako. A gyara, a gwada, a haɗa da caja, sannan a miƙa. In kuwa kayan ofis ne ko na hukuma, sai da izini a rubuce, komai daɗewarsu a sito.

Na huɗu, ceton abin da ke shirin ɓacewa. Gidaje da yawa suna da kwalin kaset-kaset na tafsiri da wa'azi, da waƙoƙin su Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo, wani lokaci har da muryar kakan da ya rasu. Zaren kaset yana lalacewa da zafi da shekaru. Da waya mai baki biyu irin na iyafis, a jona rediyo mai kaset da ramin makirfon na kwamfuta, a rage ƙarar rediyon don kada sauti ya fashe, a buɗe manhajar Audacity ta kyauta, a danna naɗi, a bar kaset ya yi ta tafiya har ƙarshe. Haka hotunan iyali, takardun gona da na fili, da shaidar haihuwa: a ɗauke su da waya, a tura cikin kwamfuta, a jera su da suna da shekara. Su ma a yi musu kwafi biyu.

Sauran ayyukan sanannu ne. Tana zama na'urar kallo ta gida, ko ta buga wasiƙu da takardun gayyata a unguwar da ba shagon bugu, ko ta naɗar hoton kyamarar tsaro a shago. Wadda ta kusa ƙarewa kuma a ba matashi mai sha'awar gyara ya kwance ya ɗaura har ya gane kan abin. Masu gyara da yawa da haka suka fara.

In ta mutu murus

Da wuya kwamfuta ta mutu gaba ɗayanta. Galibi sashe ɗaya ne ya tafi. Monita da madannai da maus da caja za su yi aiki da wata. Ram yana da masu saye. Faifan laftof kuwa, in aka saya masa ɗan gida mai wayar USB, ya zama ma'ajiyar tafi-da-gidanka.

Kafin faifai ya bar hannunku, ku tuna da abin da ke cikinsa: hotunan iyali, lambar BVN da NIN, takardun aiki. Gogewa ta yau da kullum ba ta share su da gaske, mai ɗan sani yana iya dawo da su. In faifan yana aiki, a yi masa cikakken fomat, wato a cire alamar gaggawa a bar shi ya ɗauki awanninsa, ko a yi amfani da manhajar DBAN in mai juyawa ne. In ba ya aiki, a zare shi a huda shi da ƙusa ko dirila a wurare da dama. Ko gyara za a kai, in ba faifan ne da matsala ba, babu laifi a cire shi a bar shi a gida.

Abubuwa huɗu ba a wasa da su. Monita mai ƙeya tana riƙe wuta mai ƙarfi ko bayan an cire ta daga soket, kuma gilashinta yana ɗauke da dalma mai yawa, don haka ba a buɗe ta, ba a fasa ta. Ƙaramin akwatin wuta na cikin kwamfutar tebur shi ma ba a kwance shi. Batirin laftof da ya kumbura kuma a cire shi a hankali, kada a huda, kada a bar shi a rana ko kusa da murhu, domin yana kama wuta. Tsofaffin allunan laftof suna da siraran fitilu masu zaiba, su ma kada a farfasa.

Batun dalma ba baƙo ba ne a wurinmu. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 sun rasu saboda gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar da ke gilashin monita da tsofaffin allunan cikin kwamfuta ita ce dai wannan guba, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa ko da ba ta kashe ba. Kada a ba yaro allon cikin kwamfuta ya yi wasa da shi.

Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma kashi 22 cikin ɗari kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. Ƙasashen Afirka sun ƙulla yarjejeniyar Bamako tun 1991 don hana shigo musu da shara mai guba, Najeriya kuma ta kafa hukumar NESREA a 2007 don kula da dokokin muhalli. Duk da haka ƙona waya don fitar da jan ƙarfe bai tsaya ba. Filin Agbogbloshie na birnin Akara ya yi suna a duniya a kan haka kafin a rushe shi a 2021, kuma ana yin irinsa a bayan garuruwanmu. 'Yan gwangwan neman halal suke yi, kuma suna rage mana shara, amma hayaƙin robar waya yana cin huhunsu da na maƙwabta. In kuna da ɗa ko ƙane a wannan sana'a, ku nuna masa a feɗe waya da wuƙa maimakon ƙonawa. A fara kai matacciyar kwamfuta wurin masu gyara su zaɓi abin da za su mora. In akwai kamfani mai rajista da ke karɓar irin wannan shara a garinku, a kai masa sauran. In babu, a ajiye shi yadda yake a busasshen wuri, nesa da yara da rijiya, kada a jefa a bola ko kwata.

Aikin yi

Ku kasu gida-gida, mutum huɗu ko biyar. Kowane rukuni ya nemo tsohuwar kwamfuta guda da izinin mai ita, ya share ta, ya kunna, ya rubuta sunan furosesa da yawan ram da abin da ya lura yana damunta. Ku duba lambar wat da ke jikin caja ko bayan na'urar, wadda ita ce iyakar abin da za ta iya ja, ku lissafa yunit nawa za ta ci a wata in ana aiki da ita awa 4 kullum, da kuɗinsa a unguwarku.

Daga nan ku tattauna ku zaɓar mata aiki ɗaya, ku faɗi dalilinku, da ko za ta zauna da Windows ko za a sauya mata Linux. Ku je wurin mai gyara ku tambayo kuɗin SSD da na ram irin nata, da kuɗin wata ta hannu mai kama da ita, ku zo da su aji mako mai zuwa. Wanda yake riƙe da littafin bashi ko na adashi ya taho da shi, a rufe sunayen mutane, domin da shi za mu fara darasin Calc.